Kafin Ka Sayo wa Tsohuwar Kwamfutarka RAM

Tsohuwar kwamfuta ba kowane RAM take karɓa ba, wato 'yar sandar nan da na'ura ke riƙe aikin da take kan yi a cikinta. Da wannan nake fara wa duk wanda ya kawo mini na'urarsa yana cewa ta yi nauyi, a ƙara mata giga. Yawancin mutane sun ɗauka girma kawai ake dubawa: tana da giga 2, a nemo mai giga 8, magana ta ƙare. Sai a sayo, a saka, a danna makunni, fanka ta juya, sikirin kuwa ya tsaya baƙi ƙirin. A koma wajen mai kaya ya rantse kayansa lafiya lau, kuma sau da yawa gaskiyarsa ce, sandar ba ta da laifi, ba dai ta wannan na'urar ba ce. Ina jin zafi ƙwarai in ga an jingine kwamfutar da za ta iya ƙara shekaru tana aiki, an ce ta mutu, alhali abin da bai dace da ita ba aka sayo mata. Don haka ga yadda nake bi, daki-daki, kafin kuɗi ya bar hannuna.

Da farko ka tabbatar RAM ɗin ne matsalar. Dalili biyu ke sa a saya: ko dai wanda ke ciki ya yi kaɗan, ko kuma ya lalace. In nauyi ne damuwarka, buɗe duk abin da ka saba buɗewa a ranar aiki, burauza da shafukanta, takardun da kake rubutu, komai da komai. Sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya fito, ka shiga Performance ka duba Memory. In ka ga kullum a cike yake, ya haura kashi 85 cikin 100 ya ƙi saukowa, to ƙari zai yi maka amfani, kuma za ka ji bambancin tun ranar farko. In kuwa rabi kawai aka ci, amma Disk ya kafe a kan 100, ba RAM ne ciwon ba. Tsohon faifan ajiya mai juyawa ne ke jan ƙafa, SSD, wato ma'ajiyar zamani mai sauri wadda ba ta juyawa, ya kamata ka fara saya. Na sha hana mutane sayen RAM a nan, domin da sun saya da sun yi asarar banza.

Lalacewa kuma alamominta daban: sikirin ya yi shuɗi haka kawai, na'ura ta kashe kanta ta sake tashi, fayil ɗin da ka kwafa lafiya ya ƙi buɗewa, ko ka kunna ta yi ta ƙara tana ƙin nuna komai. Ko a nan ma kada ka yi gaggawar saye. Cire sandar, ka goge haƙoranta masu ruwan zinare a hankali da robar goge fensir mai tsabta, ka kaɗe ɓurɓushin, ka mayar ta zauna daram. Ƙura da ɗan sassautawa suna kwaikwayon lalacewa sosai a na'urar da ta daɗe.

Wane zamani ce na'urarka?

RAM zamani-zamani ne, kuma wani ba ya shiga ramin wani. DDR na farko ya fito wajen shekarar 2000, DDR2 a 2003, DDR3 a 2007, DDR4 a 2014, DDR5 kuma ya shigo kasuwa a 2021. Wata ƙungiya mai suna JEDEC ce ke tsara ma'aunin, shi ya sa sandar wani kamfani ke aiki a na'urar wani. Kowane zamani da ƙarfin wutarsa: DDR bolt 2.5, DDR2 bolt 1.8, DDR3 bolt 1.5, DDR4 bolt 1.2. Kwamfutocin da mutane ke kira tsofaffi yau, yawanci DDR3 ne, wasu DDR2, waɗanda suka ɗan fi sabunta kuma DDR4.

Akwai ɗan giɓi a tsakanin haƙoran kowace sanda, kuma wurin da giɓin yake ya bambanta daga zamani zuwa zamani, don kada a saka wani a gurbin wani. Kada ka dogara da ƙirgen haƙora. DDR2 da DDR3 na kwamfutar tebur duk haƙora 240 gare su, in ka ajiye su gefe da gefe sai ka ce tagwaye ne, giɓin ne kawai ya raba su. A laftof ma DDR da DDR2 duk 200 ne, kuma giɓinsu ya yi kusa da juna har ido na iya ruɗuwa. In sanda ta ƙi shiga, kada ka tilasta mata. Ƙin shigar saƙo ne.

Batun tsawo ba ya buƙatar dogon bayani. Doguwar sanda, mai kusan santimita 13, ta kwamfutar tebur ce, ana ce mata DIMM. Gajeriya, mai kusan santimita 7, ta laftof ce, SO-DIMM. Sai dai ka sani ƙananan kwamfutocin tebur masu girman littafi, da waɗanda aka haɗa sikirin da komai a jiki ɗaya, galibi gajeriyar suke amfani da ita.

Manhajar CPU-Z kyauta ce, kuma za ta gaya maka zamanin da girman da saurin ba tare da ka taɓa sukudireba ba. Shafin Memory na nuna jimilla, shafin SPD na nuna abin da ke kowane rami. Mai Linux zai samu irin wannan bayani da umarnin dmidecode. Abu ɗaya da ke rikita mutane a CPU-Z: saurin da take nunawa rabi ne. In ka ga wajen 666, DDR3-1333 ke nan. In ka ga wajen 800, DDR3-1600 ne. Ba ragin sauri aka yi maka ba, haka lissafin yake.

Duk da haka ni sai na buɗe na gani da idona, don gani ya kori ji. Task Manager na iya ce maka ramuka 4 ne, ka buɗe ka tarar 2. Wasu laftof, irin su ThinkPad T410 da T420, rami ɗaya na ƙarƙashin ɗan murfin da ke gindin na'urar, ɗayan kuma sai ka ɗaga kibod. Wasu kuma ba su da rami ko ɗaya, an liƙe RAM ɗin da dalma a jikin madabod, wato babban allon da komai ke haɗe a kansa. MacBook Air haka yake, haka ma MacBook Pro mai sikirin Retina tun daga 2012, da siraran laftof da yawa na wasu kamfanoni. In taka irin wannan ce, ajiye kuɗinka, babu abin da za a ƙara.

Karatun sitika

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan nake so ka fi natsuwa. Ciro tsohuwar sandar, ka riƙe ta ta gefe, ka kai ta haske. Akwai farar sitika, kuma a kanta akwai layi ɗaya da ya fi duk sauran rubutun muhimmanci. Misali zai ce:

4GB 2Rx8 PC3-10600S

Ɗauki hoton wannan layin da wayarka tun kafin ka yi komai. Da shi za ka je saye, da shi za ka gwada duk abin da aka nuna maka.

4GB girma ne, kowa ya san wannan. PC3 na nufin DDR3. Da PC2 ne da DDR2 ke nan, PC4 kuma DDR4. Lambar 10600 sauri ce, in ka raba ta gida 8 za ka samu kusan 1333. Haka PC3-8500 shi ne DDR3-1066, PC3-12800 shi ne DDR3-1600, PC2-5300 shi ne DDR2-667, PC2-6400 kuma DDR2-800. A sitikar DDR4 an sauƙaƙa, yawanci saurin ake rubutawa kai tsaye, kamar PC4-2400T ko PC4-2666V.

Sauri ba ya cikin abubuwan da ke tayar mini da hankali. Sanda mai sauri kan sauko ta yi tafiya daidai da abin da na'urar ke iya ɗauka, kuma in ka haɗa biyu masu sauri daban-daban, duka za su bi mai jinkirin. Duk da haka, ga na'urar da ta tsufa sosai, na fi son in nemi daidai lambar da na tarar a ciki, in dai tana samuwa.

Harafin da ke bin bayan lambar saurin shi ne wanda mutane ke tsallakewa, shi ne kuma ke cinye kuɗinsu. S na laftof ne. U na kwamfutar tebur ce ta gida ko ofis. E na nufin mai gyara kuskure ne, wanda ake kira ECC. R da F kuwa na manyan kwamfutocin saba ne, waɗanda kamfanoni ke jerawa a ɗakunan adana bayanai. In ka shiga intanet neman DDR3, za ka ga sanduna masu giga 8 da 16 a farashin da zai sa ka murna, ka duba da kyau sai ka ga PC3-10600R ko PC3-12800R. Araha ba ta ado. Irin waɗannan sun cika kasuwa ne saboda kamfanoni na sauke tsofaffin saba da yawa a lokaci guda. Mai R zai shiga ramin kwamfutar teburinka tsaf, giɓi ya hau daidai, amma ba za ta tashi ba ko za ka kwana kana danna makunni. Ko ba sitika ma za ka iya gane su: ƙirga baƙaƙen ƙwayoyin da ke jiki. Na gida 4 ne, ko 8, ko 16. In ka ƙirga 9 ko 18, ECC ne, in kuma ka ga wata ƙaramar ƙwaya daban a tsakiyar sandar, mai R ne.

Saura 2Rx8, wanda a wajena ya fi komai muhimmanci ga mai tsohuwar na'ura. Yana gaya maka yadda aka jera ƙwayoyin ne. Sanda mai giga 4 ana iya gina ta hanya biyu: ko dai ƙwayoyi 16 masu mega 256 kowace, takwas a gaba takwas a baya, wato 2Rx8, ko kuma ƙwayoyi 8 masu mega 512 kowace, wato 1Rx8. Jimilla ɗaya ce, giga 4. Amma lokacin da aka ƙera tsofaffin na'urori, ba a fara yin manyan ƙwayoyin nan masu mega 512 ba, don haka sashen da ke magana da RAM bai san yadda zai karanta su ba. Wannan ya shafi laftof masu furosesar Intel (furosesa ita ce ƙwaƙwalwar na'ura) irin Core 2 Duo da ke amfani da DDR3, da zubin farko na Core i3 da i5 da i7 na wajen 2010, waɗanda lambarsu uku ce, irin su i3-330M da i5-520M. In ka sa musu 1Rx8 mai giga 4, ko dai su ƙi tashi, ko su tashi su yi ta faɗuwa da shuɗin sikirin. Sanda ɗaya mai giga 8 kuwa kada ma ka gwada.

An taɓa kawo mini wata laftof mai i5-520M, mai ita ya riga ya fidda rai. Ya sayi sabuwar sanda mai giga 4, DDR3, ta laftof, sauri daidai, komai a ganinsa ya cika. Na juya sandar a hannuna na ƙirga, ƙwayoyi huɗu a gaba, huɗu a baya, sitika ta ce 1Rx8. Na ɗauko wata tsohuwa da aka ciro daga wata na'ura, mai ƙwayoyi takwas-takwas cunkushe a kowane gefe, na saka. Tambarin kamfani ya bayyana a sikirin tun kafin in ɗauke hannu daga makunni. Tasa sandar kuma muka gwada a laftof mai i5-2520M, ta yi aiki lafiya lau. Daga zubi na biyu, na 2011, masu lamba huɗu, wannan matsala ta kau, har sanda mai giga 8 suna ɗauka.

Ka'idar da nake bi ke nan: in na'urar ta girmi 2011, ƙwayoyi 16 nake nema a sandar giga 4, ba na sassautawa. Haka kuma in ka ga tallar DDR2 ko DDR3 mai araha an rubuta cewa na na'urori masu furosesar kamfanin AMD ne kaɗai, ka ɗauki maganar da gaske. An gina su ne da wani jerin ƙwayoyi da na'urorin Intel na wancan lokaci ba sa karɓa.

Akwai harafi ɗaya kuma da ke ɓuya a tsakiya: L. PC3 da PC3L ba ɗaya ba ne. PC3L, wato DDR3L, bolt 1.35 yake ci maimakon 1.5. Laftof masu Intel zubi na huɗu, na 2013, irin su i5-4200U da i5-4300M, mai L suke so, kuma da yawansu ba sa tashi da wanda ba shi da L. Akasin haka ya fi sauƙi, domin mai L yakan yi aiki a na'urar bolt 1.5 ba tare da gardama ba. Saboda haka in na'urarka ta 2011 zuwa sama ce kuma DDR3 take ci, PC3L ya fi zama zaɓi mai kwanciyar hankali. Amma kada wannan ya mantar da kai maganar ƙwayoyi: yawancin masu L an yi su ne daga baya da manyan ƙwayoyi, don haka ba su ne maganin na'urar 2010 ba.

Iyakarta nawa?

Kowace na'ura da iyakar abin da za ta ɗauka. Nemi lambar samfurinta, yawanci tana sitikar da ke gindi ko ƙarƙashin batir, ka bincika littafin bayanin kamfanin da ya ƙera ta. In furosesar Intel ce, shafin kamfanin na bayanan furosesa zai gaya maka iyakar girma da irin RAM ɗin da take karɓa. Kingston ma na da shafin da za ka zuba lambar samfuri ya fito maka da abin da ya dace, ko da ba a wajensu za ka saya ba.

Wani lokaci abin da kamfani ya rubuta ya gaza abin da na'urar ke iyawa, saboda ranar da aka buga littafin manyan sanduna ba su yawaita ba. ThinkPad T420 da MacBook Pro na tsakiyar 2012 wanda ba Retina ba, duk an rubuta musu giga 8, amma suna ɗaukar 16. In za ka wuce abin da aka rubuta, nemi shaidar masu irin na'urarka sak, ba mai kama da ita ba. Wani lokacin kuma akasin haka ne: na'urori masu Intel 945, na wajen 2006, ko ka cika su da giga 4, uku da ɗoriya kawai za ka mora. A zamanin DDR2 gaba ɗaya, sanda mai giga 2 ce gama-gari. Mai giga 4 ta yi ƙaranci kuma tana da tsada, har ba na ba kowa shawarar ya bi ta. Gara a tara kuɗin a sayi na'urar da ta ɗan fi sabunta.

Windows ɗin ma yana da tasa iyakar. In mai 32-bit ne, ba zai ga fiye da giga uku da ɗan wani abu ba, ko nawa ka zuba. Duba a Settings, System, About. In haka ne sai an sake ɗora mai 64-bit, kuma wannan na nufin ka kwashe fayilolinka tukuna. Masu Windows 7 su san cewa Starter giga 2 ne iyakarsa, Home Basic 8, Home Premium 16.

Nawa ya kamata ka saya? A ganina giga 8 shi ne inda tsohuwar na'ura ke samun numfashi ga mai burauza da rubutu da kallon bidiyo. Giga 4 na yi, amma da haƙuri. In tana ɗaukar 16 kuma kana aikin hoto ko kana tara shafuka da yawa, ƙara. Tunda maganar ta zo, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance sai Intel zubi na takwas zuwa sama. Wannan bai sa na ce a zubar da na'urar ba. Linux Mint da ire-irensa, waɗanda ake ɗorawa a madadin Windows, na tafiya sumul a kan giga 4 zuwa 8, kuma na ga tsofaffin laftof da yawa sun farfaɗo ta wannan hanya.

In ramuka biyu ne, sanda biyu masu girma ɗaya sun fi guda ɗaya babba, domin na'urar na karanta su a tare, kuma an fi jin bambancin a waɗanda ba su da katin hoto na daban. Haɗa giga 4 da giga 8 ma na aiki a yawancin na'urori, don haka kada ka zubar da lafiyayyar sanda saboda neman tagwaye. A kwamfutar tebur mai ramuka huɗu, sanda biyu ba a jere ake sa su ba. Bi launin ramukan, ko ka duba littafin madabod ɗin.

Sabo ko na hannu?

Ni na hannu nake saya wa tsohuwar na'ura, kuma ba na jin ɗar. RAM ba shi da abin da ke juyawa ko gogewa, yana daɗewa sosai. Kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawan ƙwayoyin da duniya ke amfani da su: Samsung, da SK hynix, da Micron. Sanda mai ɗauke da sitikar ɗayansu, koriya tsirara, wadda aka ciro daga kwamfutar ofis, ita na fi amincewa da ita, domin an yi ta a zamani ɗaya da na'urarka kuma bisa ma'aunin da ta sani. Sababbin DDR2 da DDR3 masu sunayen da ban taɓa ji ba kuwa, ina taka-tsantsan da su, don ba ka san daga ina aka tattaro ƙwayoyin ba.

Masu rufin ƙarfe mai launi da ake yi wa 'yan wasan kwamfuta, ka bar su. Saurin da aka rubuta a kwalinsu sai an kunna wani saiti mai suna XMP a BIOS, wato manhajar da ke tayar da na'ura kafin Windows, kuma yawancin kwamfutocin ofis ba su da shi. Wasu na neman wuta har bolt 1.65, wasu kuma tsayinsu ya hana murfin siririyar kwamfuta rufuwa.

In hannu da hannu za ka saya, tafi da na'urar a gwada a gabanka. Duba haƙoran, kada su kasance sun yi baƙi ko sun ƙone. Duba 'yan mitsi-mitsin abubuwan da ke jere a saman haƙoran, su ne ke ɓallewa in an zuba sanduna a jaka ɗaya suna gugar juna. In ka ga gurbi fayau inda ya kamata ɗaya ya kasance, ajiye. In ta intanet ne, nemi hoton ainihin sandar da za a aiko maka, gaba da baya, yadda za ka karanta sitika ka ƙirga ƙwayoyi. Wanda ya ce zai aiko da duk wadda ta samu, ka wuce shi. Kuma ka tabbatar akwai damar mayarwa, ka san kwanakin da aka ba ka, domin ko ka bi duk abin da na faɗa, akwai na'urar da za ta ƙi sanda ba tare da wani dalili da za ka iya nunawa ba.

Sakawa da gwaji

Kashe na'urar gaba ɗaya, ba barci ba. Zare caja ko wayar wuta, cire batir in mai cirewa ne, in na ciki ne ka zare 'yar wayarsa bayan ka buɗe murfi. Danne makunni na 'yan daƙiƙu don sauran wuta ta fita. Taɓa wani ƙarfe kafin ka taɓa sandar, saboda wutar da ke taruwa a jikin mutum, wadda ba ka ko ji, tana iya kashe ƙwaya. Riƙe ta ta gefe, yatsa kada ya hau haƙora.

A laftof, akwai 'yan kunnuwan ƙarfe biyu a gefen ramin. Buɗa su waje kaɗan, tsohuwar sandar za ta ɗago da kanta a karkace, sai ka zare. Sabuwar ma a karkace take shiga: daidaita giɓin da ɗan tudun da ke cikin ramin, tura har haƙoran su kusa ɓacewa, sannan ka danna ta ƙasa ka ji ƙas, kunnuwan sun kama. In har kana ganin zinare da yawa a waje, ba ta shiga ba, ɗago ka sake. A kwamfutar tebur a tsaye take shiga, kuma tana son ƙarfi fiye da yadda sabon shiga ke tsammani. Buɗe maƙalan gefe, ɗora sandar, danna da manyan yatsu biyu a kan ƙarshenta biyu har maƙalan su rufe da kansu.

Kada ka ɗaure sukurori tukuna. Kunna ka jira, domin tashin farko bayan canjin RAM kan ɗan ja lokaci, wasu na'urorin ma za su tsaya su sanar da kai cewa girman ya canza, su nemi ka danna wani maɓalli. In ta ƙi tashi, kashe, sake zaunar da sandar. In ta ƙi, gwada sabuwar ita kaɗai, a rami na farko sannan na biyu. Da haka za ka gane ko sandar ce, ko ramin, ko kuwa haɗin biyun ne ba su jitu ba. In tsohuwar ma ta ƙi aiki a wani rami, ramin ne ya mutu. Sabunta BIOS kan warware wasu irin waɗannan, amma a yi shi da tsohuwar sandar a ciki da caja a jone.

Ta tashi, Windows ya nuna sabon girma? Aiki bai ƙare ba. Buɗe CPU-Z, shafin SPD, ka gwada abin da ya nuna da abin da ke kan sitika: girma, kamfani, lambar kaya. In sun saɓa, an canza sitika, mayar da ita. Daga nan sai gwaji na gaske. Windows na da nasa, rubuta mdsched a wajen bincike, amma gwajinsa na sama-sama ne. Na fi son Memtest86+, wanda ake ɗorawa a filasha a tayar da na'urar da shi, kuma yana aiki har a tsofaffin na'urori masu BIOS na da. Sababbin fitowar takwaransa MemTest86 sai na'ura mai UEFI, wato sabon tsarin da ya gaji BIOS. Bar gwajin ya kwana yana zagayawa, da caja a jone, a wurin da iska ke shiga. Da safe ka duba: jan layi ko ɗaya ne, sandar ba ta da lafiya, kada ka yarda a ce maka ƙaramin abu ne, domin irin wannan kuskuren ne ke lalata fayil a ɓoye sai bayan watanni ka gano. Yi wannan gwajin a daren farko, tun damar mayarwa na hannunka. Tsohuwar sandar kuma, in lafiyarta ƙalau, saka ta a ledar da sabuwar ta zo a ciki ka adana. Ranar da na'urar ta sake yin gardama, da ita za ka gane ko RAM ne ko wani abu daban.